Hajiyarmu tana haki, likita ya ce ta motsa jiki, Yaya ya ce ba da shi ba

Maman Khairat:
Assalamu alaikum 'yan gida. Shawara nake nema, ku yi haƙuri da tsawon rubutun.

Hajiyarmu shekararta 68. Ta fi shekara talatin tana suyar waina da ƙosai a kan icce, a wani ɗan kicin da tagarsa ba ta fi faifai ba. Ba ta taɓa shan taba ba, ko goro ba ta ci. Yau shekara uku ke nan tana tari da kaki, ga haki. Daga ɗakinta zuwa banɗaki sai ta tsaya ta dafa bango. An yi gwajin tibi sau biyu, babu. Wani ya ce asma ce, wani ya ce sanyi ne ya kama ƙirji. Watan jiya muka je asibitin koyarwa, aka ba ta wani bututu ta hura da iya ƙarfinta, takarda ta fito an rubuta COPD, wai ciwon toshewar hanyoyin numfashi mai daɗewa, da wani FEV1 62%. Likita ya ce matsakaici ne, ya rubuta inhela, sannan ya tura mu sashen gashi, wai sau biyu a mako har mako takwas za a riƙa sa ta motsa jiki.

To Yayanmu da ke Abuja ya ce ba da shi ba. Wai tsohuwar da ba ta iya zuwa banɗaki ita za a ɗora a kan keke? Ya turo kuɗi aka ɗauki yarinya, ya ce ko buta kada a bar ta ta ɗaga. Ni kuma ina tsakiya, na rasa wanda zan bi.

Ummu Aisha:
Wa alaikumus salam. Sannu da jinya, Allah ya ba Hajiya lafiya ya sa kaffara ne. Ki haɗa mata zuma da man habbatus sauda da 'yar citta, safe da dare. Kakata da shi ta rabu da tari.

Abu Sadiq:
Amin. Ni dai ina bayan Yayanku. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Baiwar Allah ta gama wahalarta ta rene ku da kaskon waina, yanzu lokacin hutunta ne. Wanda numfashi bai ishe shi yana zaune ba, in aka sa shi tattaki ina zai samo na ƙari? Wannan ko ba likita ba ya san lissafin bai fita ba. Ku saya mata tukunyar oksijin ku ajiye a gida, ya fi.

Sista Rabi:
Maman Khairat, ya mai jiki? Ni ma'aikaciyar gashi ce (gashin asibiti, kafin Abu Sadiq ya ce zai kawo matarsa kitso), kuma masu ciwon ƙirji na daga cikin waɗanda nake gani.

Abu Sadiq, lissafinka shi ne lissafin kusan kowane gida, shi ya sa nake son in tsaya a kansa. Mutum ya ji haki in ya yi tafiya, sai ya rage tafiya. 'Ya'ya su ji tausayi, su ce zauna Hajiya, kada ki tashi. Bayan wata shida cinyoyi sun zube. Naman jikin da ya yi rauni kuwa da wuri yake gajiya, kuma ya fi matsa wa numfashi kafin ya yi aikin da a da yake yi cikin sauƙi. Tafiyar da take yi a bara ba tare da ta tsaya ba, bana sai ta huta sau biyu. Sai a ce ciwo ya ƙaru, a ƙara hana ta motsi. Alhali wani lokacin in ka sake auna huhun yana nan kusan yadda yake, ƙafafu ne suka mutu a zaune.

Shirin da aka tura ku bai dawo da huhu sabo, kada wani ya yaudare ku. Abin da hayaƙi ya ɓata ya ɓata. Abin da yake yi shi ne ya ƙarfafa ƙafa da hannu, ya koya mata yadda za ta sarrafa numfashi, ya cire mata tsoron haki. Wannan tsoron ba ƙaramin abu ba ne.

Abu Sadiq:
Sista na ji, amma ƙanin mahaifina haka aka ce masa ya riƙa tafiya, ya fita da asuba ya yanke jiki ya faɗi a bakin masallaci. Da ƙyar aka ceto shi.

Dakta Auwal:
Allah ya ƙara masa lafiya. Amma "je ka riƙa tafiya" daban, shirin da ake magana daban. Kafin a fara sai an duba zuciya da hawan jini. Wanda bai daɗe da samun bugun zuciya ba, ko yake jin ciwon ƙirji in ya motsa, ko jininsa ya hau ba a shawo kansa ba, ba a sa shi sai an gyara wannan tukuna. A ranar farko kuma ana auna mutum: ya yi tafiya a baranda na minti shida, da 'yar na'ura a yatsa, a ga mita nawa ya ci, a ga yadda iskar jininsa take sauka. Daga nan ake yanka masa aiki daidai shi.

Maman Khairat, waccan lambar ta 62% tana nufin iskar da Hajiya ke iya fesowa a daƙiƙar farko, in aka kwatanta da ta mace mai shekarunta da tsawonta mai lafiyayyen huhu. Daga 50 zuwa 79 shi ake kira matsakaici. Wato tana da sauran huhu mai yawa da za a yi aiki da shi, kuma wannan ne lokacin da bai kamata a yi sakaci ba.

Batun oksijin kuwa, Abu Sadiq, magani ne, ba a ajiye shi kamar fanka. Ana rubuta shi na dindindin ne ga wanda iskar jininsa ke zaune a kashi 88 cikin ɗari ko ƙasa da haka ko da yana hutawa. Yawancin masu matsakaicin ciwo ba su kai nan ba. Kuma mai COPD in aka buɗe masa oksijin da yawa ba ƙa'ida, yana iya tara gurɓatacciyar iska a jini, ka ga yana ta barci ka ɗauka sauƙi ya samu. Ga haɗarin gobara a gidan da ake kunna murhu.

Ummu Aisha:
To Dakta zumar fa? Ko ita ma an soke ta?

Dakta Auwal:
Ba a soke ta ba, Hajiya. Ta sha abinta in ba ta da ciwon suga, tana lallashin maƙogwaro. Kawai kada a ajiye inhela saboda ita.

Baba Direba:
Salamu alaikum. Jikana ne yake rubuta min, ni nake faɗa. Shekarata 71. Tirela na ja shekara 34, Kano zuwa Legas, Kano zuwa Fatakwal, taba kwali biyu a rana don kada barci ya ɗauke ni. Na bar ta shekara tara ke nan amma ta riga ta yi ɓarnarta. Irin ciwon Hajiyarku ne da ni.

'Yata Maman Khairat, ki gaya wa Yayanki maganar direba. In tankinka ya huje ba ya riƙe mai sai rabi, kuma babu mai walda, me za ka yi? Sai ka gyara injin ya daina shan mai. Huhu shi ne tanki, ƙafa ita ce inji. Ni da na zauna a gida shekara biyu, 'ya'ya suna kawo min har ruwan alwala, sai da ta kai masallacin ƙofar gida ya gagare ni. Ranar da aka fara sa ni tafiya a asibiti na rantse yarinyar nan so take ta kashe ni. Minti biyu na zauna. Ta ce Baba huta, in ka huce mu ci gaba. Ba ta ce min sannu je ka kwanta ba. A mako na biyar na je sallar Juma'a da ƙafata, na tsaya sau ɗaya a gindin dalbejiya.

Abin da ya fi min amfani shi ne tsuke baki. Ka shaƙa ta hanci ka ƙirga biyu, ka fitar ta baki a hankali kamar kana hura koko mai zafi, ka ƙirga huɗu. In haki ya taso kuma ka sunkuya kaɗan ka dafa gwiwa ko bayan kujera. Da, in ya taso min sai in ruɗe in ta kokawar jan iska, ashe tsohuwar iskar ce ta maƙale a ciki ta hana sabuwa wuri.

Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi.

Maman Khairat:
Allahu Akbar. Baba na gode, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Wannan saƙon naku zan tura wa Yaya yadda yake. Wallahi Hajiya ma haka take, in haki ya kama ta sai ta zaro ido tana salati, mu ma mu ruɗe mu hau yi mata fifita.

Sista Rabi:
Fifitar ku ci gaba da ita, iska a fuska tana rage jin haki, wannan sananne ne a wajenmu. Ruɗewar ce za ku bari. In ta ga idonku ya raina fata, nata tsoron ninkuwa zai yi.

Baba ya gama bayani. Abu ɗaya zan ƙara. Ba so muke ta yi tafiya ba haki ba, so muke ta yi haki daidai. Muna da ma'auni daga 0 zuwa 10, muna neman ta tsaya wajen 3 ko 4. A Hausance: tana haki amma tana iya amsa miki magana da gajerun jimloli. In tana iya ba ki labarin bikin 'yar maƙwabta tiryan-tiryan, aikin ya yi kaɗan. In ko kalma ɗaya ta gagara, ya yi yawa. Jiri, ciwon ƙirji, ko leɓe ya canza launi, a tsaya nan take.

Garba Kwanar Dawaki:
Duk na ji, amma ba wanda ya taɓo aljihu. Sau biyu a mako, mako takwas, zuwa goma sha shida ke nan. Kuɗin adaidaita zuwa da dawowa na mutum biyu, kuɗin kati, wanda ya raka ta ya bar sana'arsa ranar. Mu da muka kai mahaifiyata wani asibiti, tun bakwai na safe muke kan benci sai sha ɗaya aka ce mai duba ta bai zo ba. Sau uku muka je muka haƙura. Kuma wannan a birni ne. Tsohuwar da ke ƙauye, wadda ta fi kowa shan hayaƙin kara da icce, wa zai kai ta? Asibitoci nawa ne ma suke da abin hurawar nan?

Dakta Auwal:
Malam Garba ba ka yi ƙarya ba. Na'urar hurawar sai manyan asibitoci, irin su Malam Aminu Kano ko Shika, shi ya sa mutane da yawa suke shekaru ana ba su maganin tari da na tibi ba a san abin da ke damunsu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ciwon nan ya kashe mutum miliyan 3.23 a 2019, shi ne na uku a abubuwan da suka fi kisa a shekarar, kuma kusan kashi 90 cikin ɗari na waɗanda ya kashe ƙasa da shekara 70 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi suke. Amma shirin kansa bai buƙatar manyan injuna. A Kampala ta Yuganda an gwada shi ga waɗanda tarin fuka ya bar wa tabo a huhu, da kayan aiki masu sauƙi, kuma sun amfana.

Sista Rabi:
In zuwa goma sha shida ya gagara, kada a ce an fasa gaba ɗaya. Ku je a auna ta, a koya wa wanda ke zaune da ita, ku roƙi a rage zuwan, sauran a yi a gida. Zuwa asibitin ya fi, don akwai mai sa ido, kuma ganin wasu tsofaffi suna yi yana ƙara ƙwarin gwiwa. Amma tsakar gida ma fili ne. Kujera mai ƙwari a jingina ta da bango, ta tashi ta zauna, ta tashi ta zauna, farko sau biyar. Robar ruwa guda biyu, ɗaya a kowane hannu, ta ɗaga tana fitar da numfashi lokacin ɗagawar. Tafiya daga ƙofar ɗaki zuwa zaure, a sayi ɗan littafi a riƙa rubuta sau nawa ta je ta dawo. Littafin nan yana da muhimmanci, don ranar da ta ce ba ta ga amfanin komai ba sai ki buɗe mata shafin makon farko.

Yarinyar da Yaya ya ɗauka kuma kada a sallame ta. Ta yi shara da wanki da duk abin da ke da ƙura ko hayaƙi. Amma buta, ninke kaya, tsince shinkafa, zuwa ɗauko carbi, a bar wa Hajiya abinta.

Hajiya 'Yar Maraɗi:
Sannunku da hira. Mu nan Nijar "kine" muke ce ma masu gashin. Uwar mijina lokotoro ya ce ta bar murhu, ta ce in ta bar murhu mi za ta yi a duniya. Sai muka hiddo murhun waje ƙarƙashin rumfa, jikanya ta riƙa hura wuta, ita tana nesa bisa kujera tana ba da umurni. Gishiri ma sai an kai mata ta ɗanɗana. Hakan ya fi mata, don tsohuwa in ka raba ta da girki gaba ɗaya ka raba ta da sarauta.

Amma tambayata lokacin hunturu. Nan in iska ta taso ko gidan maƙwabci ba ka gani. A hakan za ta yi tafiyar?

Sista Rabi:
A'a Hajiya, ranar da hazo ya sauka a yi a cikin ɗaki ko falo. Sauran ranaku a bari sai hantsi, sanyin asuba yana tsuke ƙirji. In fita ta zama dole ta rufe hanci da takunkumi ko gefen mayafi. A yayyafa ruwa kafin shara, kuma a share ɗakinta lokacin da ba ta ciki. Maganin sauro na hayaƙi a fitar da shi, a ɗaura gidan sauro.

Sai kuma wanda na san zai jawo min faɗa: turaren wuta.

Falmata:
Sista tsaya nan. A taɓa komai ban da turaren wuta. Mu 'yan Maiduguri da shi aka haife mu, kakata ta kai 90 tana turara ɗaki safe da yamma.

Sista Rabi:
Na san za ki fito, Falmata. Kakarki huhunta lafiya lau, Allah ya ƙara mata. Hayaƙi mai ƙamshi dai hayaƙi ne. A turara kayan Hajiya a waje, a bari ya lafa, a shigo da su. Ƙamshin yana nan, kaskon ne ba ya shiga ɗaki.

Maman Khairat:
Kun taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Kasko biyu na ɗauke daga ɗakinta, jiya na tarar da na uku a ƙarƙashin gado.

Wata tambayar: ta koma sallah a zaune tun bara, don sujada tana sa ta haki. Kuma tana cewa in azumi ya zo ba za ta shaƙi inhela da rana ba.

Malam Habu:
Sallah a zaune ga wanda tsayuwa ta gagara babu laifi. Hadisin Imrana ɗan Husaini yana cikin Buhari: ka yi sallah a tsaye, in ba ka iya ba a zaune, in ba ka iya ba a kan gefenka. Amma hukuncin yana bin iyawa ne, in ƙarfi ya dawo sai a koma tsayuwa, ko da a raka'ar farko ce kawai. Inhela da azumi kuwa malamai sun yi saɓani. Da yawa daga malaman wannan zamani sun ce ba ta karya azumi don huhu take zuwa, ba ciki ba, wasu sun ce tana karyawa. Ko a wajen masu cewa tana karyawa, mara lafiya yana da rangwame, ba a ce ya zauna numfashi ya ɗauke ba. Ku kai ta wajen malamin da ta yarda da shi ta ji daga bakinsa, tsofaffi ba sa karɓar fatawa daga waya.

Dakta Auwal:
Kuma ku tambayi likitanta, akwai inhela mai dogon aiki da ake shaƙa sau ɗaya a rana, ana iya mayar da ita lokacin sahur. Ku tafi da inhelar duk zuwa, ta shaƙa a gabansu su gani. Da yawa maganin a harshe yake ƙarewa. In kaki ya ƙaru ko ya koma rawaya ko kore, ko haki ya wuce na kullum, ko ƙafa ta kumbura, kada a jira ranar asibiti. Jini a kaki kuwa ko sau ɗaya ne a je.

Abu Sadiq:
To na sassauta, amma ban sauka gaba ɗaya ba. Ni dai a duba zuciyar tukuna. Maman Khairat ki dawo mana da labari, gani ya kori ji.

Maman Khairat:
'Yan gida na dawo, yau mako tara da wancan rubutun. An duba zuciya, Abu Sadiq, lafiya lau. Zuwa goma sha ɗaya muka samu cikin goma sha shida, sau biyu mura ta kwantar da ita, sauran kuma ni ce ban samu sarari ba. Ranar farko mita 240 ta ci a minti shida, ta tsaya sau biyu. Shekaranjiya 295, ba ta tsaya ba. Tarin yana nan, hakin ma yana nan, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma ta je sunan jikar ƙawarta a bayan layinmu da ƙafarta, kuma Magariba da Asuba a tsaye take yi yanzu. Ta yi ƙawa a can, wata mai tuwo-tuwo daga Kurna, har gasa suke wa ya fi tashi-zauna.

Yaya ya zo ƙarshen mako. Ya same ta tana zagaya tsakar gida da robar ruwa a hannu, ya tsaya a zaure yana kallo, bai ce komai ba. Da zai tafi ya sayo tukunyar gas. Ita kuma ta ce tuwon gas ba shi da ɗanɗano.

Sista Rabi:
Ma sha Allah. Ƙarin mita 30 ma muna ƙirga shi canji ne na gaske, ita ta ƙara 55. Yanzu ne aikin yake, don in aka ajiye, cikin watanni zuwa shekara abin da aka tara yakan zube. Littafin nan kada a rufe shi. Ki karɓi lambar mai tuwo-tuwon, su riƙa tsokanar juna ta waya.

Baba Direba:
Alhamdu lillahi. 'Yata ki gaishe da Hajiya, ki ce mata ni tashi-zauna goma sha huɗu nake yi ba hutawa, ita nawa?

Maman Khairat:
Baba na faɗa mata. Ta ce goma sha biyu, amma wai a tambaye ku ko kujerarku mai hannu ce, don tata ba ta da shi.

Falmata:
Kaskon na ƙarƙashin gado fa?

Maman Khairat:
Na huɗu muke nema yanzu. Ƙamshi muke ji, mun rasa inda take ɓoye shi.